Alkamar Gida 64: Lambar da Rumbunan Duniya Suka Kasa Cikawa

Yau zancen lissafi za a yi, kuma lamba ɗaya tak za a sa a faifai. Mai takarda da biro a kusa ya jawo su, don za a faɗe ta a hankali: 18,446,744,073,709,551,615. Alƙaluma 20 ke nan a jere. Idan da baki za a kira ta, sai a ce kwintiliyan 18, da kwadiriliyan 446, da tiriliyan 744, da biliyan 73, da miliyan 709, da dubu 551, da 615. Wanda sunayen farkon suka yi wa nauyi a kunne, ya ƙaddara biliyan guda ce aka tara ta har sau biliyan 18 da ɗoriya.

Ba haka siddan aka tsinto ta ba. Fiye da shekara dubu ke nan masana lissafi suna juya ta, kuma a yau tana nan zaune cikin kwamfutoci da wayoyin hannu na zamani. Hanya mafi sauƙi ta isa gare ta kuwa, wani tsohon labari ne na alkama.

Wanda ya fi shahara da kawo labarin shi ne Ibn Khallikan, malamin da aka haifa a Irbil ta ƙasar Iraƙi a 1211, ya yi alƙalancin Dimashƙa, ya kuma rasu a can a 1282. A littafinsa na tarihin manyan mutane, Wafayatul A'ayan, da ya zo kan Abubakar al-Suli, gwanin wasan shaɗaranji na Bagadaza, sai ya ratse don gyara wani kuskure da ya ji a bakin mutane da yawa, wai al-Suli ne ya ƙago wasan. Shaɗaranji dai ita ce darar nan mai gida 64, takwas a tsaye takwas a kwance, wadda yanzu ake ce wa ces. Ibn Khallikan ya ce wani Ba'indiye ne mai suna Sissa ɗan Dahir ya ƙago ta domin wani sarki da ake kira Shihram. Sarki ya ji daɗin wasan ƙwarai, ya ce wa Sissa ya faɗi tukuicin da yake so. Sissa ya roƙi a sa masa ƙwayar alkama ɗaya a gidan farko na allon, biyu a na biyu, huɗu a na uku, takwas a na huɗu, a yi ta ninkawa haka har gida na 64, sannan a tattara a ba shi.

Ran sarki ya ɓaci, yana ganin an raina kyautarsa. Mutum a buɗe masa taskar masarauta ya ce shi 'yan ƙwayoyin hatsi yake so? Sissa ya kafe a kan bakarsa. Aka umarci ma'aikatan baitulmali su auna su ba shi. Sai ga su sun dawo suna cewa abin da ke rumbunan sarki bai kai ba, kai, ko alkamar duniya aka haɗa kaf ba za ta kai ba. Da suka zauna suka baje wa sarki lissafin, ya sallama, har ya ce wannan roƙo ya fi ƙagowar wasan ba shi mamaki.

Labarin hikaya ce, amma lissafin da ke cikinsa gaskiya ne tsantsa, kuma kowa na iya bin sawunsa. A ƙaddara ƙwayar alkama 20 ke yin giram ɗaya, wanda ba shi da nisa da awon gaske. Layin farko na gida takwas ya tara ƙwaya 255, abin da bai cika tafin hannu ba. Ƙarshen layi na biyu, 65,535, kilo uku da 'yan kai. Ƙarshen na uku, 16,777,215, wajen buhu takwas masu kilo 100. Ƙarshen layi na huɗu, wato rabin allo, 4,294,967,295, kimanin tan 215, lodin tirela bakwai. Har zuwa nan sarki zai biya bai ji a jikinsa ba. Daga gida na 33 ne ƙasa ta fara zamewa, domin wannan gida shi kaɗai ya fi duk 32 na baya in an haɗa su.

Haka ƙa'idar take tun daga tushe: kowane gida na ɗauke da jimillar duk gidajen da suka gabace shi, da ƙarin ƙwaya ɗaya. 1 da 2 sun ba da 3, gida na gaba 4 ne. 1 da 2 da 4 sun ba da 7, na gaba 8 ne. Saboda haka ba sai an tara gida 64 ɗaya bayan ɗaya ba. A jera 2 guda 64, a ninka su, a cire 1, an sami jimillar allon.

Shi kansa Ibn Khallikan bai haɗiye maganar haka nan ba, kuma wannan abin yabo ne ga alƙali. Ya rubuta cewa ya daɗe yana zargin an zuguiguita adadin, sai da ya haɗu da wani ma'aikacin lissafi na Iskandariyya ta Masar, wanda ya zo masa da takarda ya warware masa zare da abawa. Mutumin ya yi ta ninkawa har gida na 16, inda ake da ƙwaya 32,768. Ya ce to, a ɗauki wannan a matsayin ƙadahi ɗaya, wani ƙaramin ma'aunin hatsi na Masar. Daga nan aka daina ƙirga ƙwaya, aka koma ƙirga awo. Ƙadahi 96 ke yin irdabbi ɗaya, babban awon Misirawa, kuma da aka isa gida na 40 sai ga irdabbi 174,762 da kashi biyu cikin uku. Ya ce wannan a kira shi rumbu guda, don babu rumbun da zai ci fiye da haka. Aka ci gaba da ninka rumbuna, a gida na 50 suka kai 1,024. Ya ce wannan birni guda ke nan. Aka koma ninka birane, a gida na 64 suka kai 16,384. Ya rufe da cewa duniya ba ta da birane masu yawan haka. Kuma a lura, wannan kason gidan ƙarshe ne shi kaɗai.

Ba a rubuta sunan wannan mutumin Iskandariyya ba, amma malamin lissafi ne na gaske. Ya gane cewa hankalin ɗan Adam na gajiya da dogayen alƙaluma, don haka duk inda ya ga adadi ya fara fin ƙarfin tunani sai ya sauya ma'auni: daga ƙwaya zuwa awo, daga awo zuwa rumbu, daga rumbu zuwa birni. Da awon zamani kuwa, alkamar allon baki ɗaya ta kai tan biliyan 922. Duk manoman duniya a yau na girbe abin da ya kusa tan miliyan 800 a shekara. Ke nan sai an tara girbin fiye da shekara 1,100, ba a taɓa ko ƙwaya ba, kafin a sallami Sissa.

Kusan shekara 250 kafin Ibn Khallikan, wani ya riga ya rubuta lambar cif-cif. Shi ne Abu Raihan al-Biruni, haifaffen Khwarizm a 973, cikin littafinsa Al-Athar al-Baƙiya da ya rubuta wajen shekara ta 1000. Shi ya bi ta gajeriyar hanya. Gida na biyar na da 16. A ninka 16 da kanta, an sami 256, kason gida na tara. A ninka 256 da kanta, 65,536, kason gida na 17. A sake, 4,294,967,296, kason gida na 33. A sake sau ɗaya, a cire 1, an gama. Aiki huɗu a madadin 63.

A nan yawancin masu ba da labarin ke dasa aya, a yi ta jinjina girman lambar, kowa ya watse. A ganin mai wannan sharhi, tsayawa a nan asara ce babba. Girma shi ne abu mafi arha a sha'anin lamba, tunda duk adadin da aka faɗa, ɗan firamare na iya ƙara masa ɗaya ya wuce shi. Tambayoyin da masana ke yi wa lamba daban ne: wa ke raba ta, me aka haɗa aka yi ta, kuma 'yar wane dangi ce?

Abin da ido ke gani tukuna. Lambar mara ce, wutiri, 2 ba ta raba ta. Ta ƙare da 5, don haka 5 na raba ta. Idan aka tara alƙalumanta 20 ɗaya bayan ɗaya za a sami 87, kuma 3 na shiga 87 sau 29 ba saura, saboda haka 3 na raba ta. 9 kuwa ba ta shiga 87, don haka ba ta raba ta. Wannan ya isa a san cewa ba ta cikin lambobi gagara-rabo, wato irin su 2, 3, 5, 7, 11 da 13, waɗanda babu mai raba su daidai sai 1 da su kansu. Kowace cikakkiyar lamba da ta wuce 1, ko dai ita kanta gagara-rabo ce, ko kuma ninkin wasu gagara-rabo ce, ta hanya ɗaya tak. Su wane ne, to, suka haɗu suka haifi wannan?

Akwai wani mabuɗi mai sauƙi. Duk lambar da aka ninka da kanta aka cire 1, daidai take da ninkin maƙwabtanta biyu, ta ƙasa da ta sama. 10 sau 10, a cire 1, an sami 99, wato 9 sau 11. Da wannan mabuɗi allon ke buɗewa daki-daki. Gida biyu na farko sun tara 3. Gida huɗu sun tara 15, wato 3 sau 5. Gida takwas, 255, wato 15 sau 17. Gida 16, 65,535, wato 255 sau 257. Gida 32, 4,294,967,295, wato 65,535 sau 65,537. Allon baki ɗaya kuwa shi ne 4,294,967,295 sau 4,294,967,297. Duk lokacin da aka ninka yawan gidaje, baƙo ɗaya ke shigowa. Baƙin su shida ne: 3, da 5, da 17, da 257, da 65,537, da 4,294,967,297.

Waɗannan shida ba baƙi ba ne a tarihin lissafi. Ana kiran su lambobin Fermat, da sunan Pierre de Fermat, wani lauya a birnin Tulus na Faransa wanda lissafi ya zame masa abin sha'awa bayan aikin kotu. Tsarinsu a fili yake: a cire 1, a ninka abin da ya rage da kansa, a mayar da 1, an sami ta gaba. Daga 5 a cire 1, saura 4. 4 sau 4 da ƙarin 1, ga 17. Fermat ya duba biyar na farko ya ga dukkansu gagara-rabo ne. A 1640 ya rubuta wa abokansa cewa yana da yaƙinin duk 'yan wannan jeri haka suke har abada, ko da yake ya faɗa da bakinsa cewa bai kammala hujja ba.

Maganar ta zauna shekara 92. A 1732, Leonhard Euler, ɗan Suwizalan mai shekara 25 da ke aiki a birnin San Pitasbag na Rasha, ya sanar cewa ta shida ta fashe: 4,294,967,297 daidai take da 641 sau 6,700,417. Yadda ya kai ga 641 shi ne abin koyi. Bai zauna yana gwada 3, 5, 7, 11 har ya gaji ba. Daga baya ya bayyana hujjar cewa duk gagara-rabon da zai raba wannan lamba, dole ya kasance ninkin 64 da ƙarin 1. Wannan sharaɗi ya kori kusan kowa daga layi, ya bar 193, da 257, da 449, da 577, sai 641. Gwaji na biyar ya kama. Ruwa na ƙasa, in ji Bahaushe, sai ga wanda bai tona ba; amma Euler ya fara sanin inda ya kamata a tona.

Abin bai tsaya nan ba. Lambar Fermat ta bakwai maƙwabciyar tamu ce ta kusa, ta fi ta da 2 kacal, tana ƙarewa da 617 maimakon 615. A 1880 wani dattijon Bafaranshe mai suna Fortuné Landry, wanda ya haura shekara 80, ya nuna cewa 274,177 na raba ta. Tun daga lokacin duk wadda aka iya tantancewa a jerin, rabuwa take yi, har 28 a jere bayan 65,537. Ba a sake samun gagara-rabo ko ɗaya ba. Misali biyar sun yi daidai, babban gwani ya ɗauka doka ce, na shida ya rushe ta. Dalilin ke nan da masana lissafi ba sa karɓar yawan misalai a madadin hujja, komai darajar wanda ya kawo su.

Ga cikakkiyar nasabar lambar ke nan: 3 sau 5 sau 17 sau 257 sau 641 sau 65,537 sau 6,700,417. Gagara-rabo bakwai, babu wanda ya maimaita kansa, shi ya sa 9 ko 25 ko wata lambar da aka ninka da kanta ba ta shiga cikinta. Daga waɗannan bakwai ana iya haɗa masu raba ta guda 128 cif, har da 1 da ita kanta.

Akwai kuma wani tsohon rabe-rabe na Nikomakus, mutumin Jarash ta ƙasar Jodan ta yau, wanda Sabit ɗan Ƙurra ya fassara littafinsa zuwa Larabci a Bagadaza a ƙarni na tara. A tara duk masu raba lamba ban da ita kanta. In jimillar ta yi daidai da ita, kammalalliya ce, kamar 6, wadda 1 da 2 da 3 suka cika ta, ko 28. In ta zarce, mai rara ce, kamar 12. In ta gaza, tauyayyiya ce, kamar 8. Lambar allon, duk da ƙasaitarta, tauyayyiya ce: masu raba ta 127 in an haɗa su ba su wuce kashi 70 da ɗan ɗori cikin 100 nata ba.

Inda zancen ya fi daɗi shi ne inda ya tsallaka daga ƙirga zuwa zane. Duk wanda ya taɓa riƙe akwatin kayan lissafi na makaranta ya san kamfas da rula. Tun zamanin Yuklid, Girkawa sun iya zana siffa mai gefe uku daidai wa daida da waɗannan kaya biyu kawai, ba tare da auna tsawo da makin rula ba. Sun iya mai gefe biyar, da mai 15, da duk abin da aka samu ta ninka waɗannan biyu-biyu. Mai gefe bakwai ta gagare su, mai tara ma haka. Shekara dubu biyu ba wanda ya ƙara komai a kai. Ranar 30 ga Maris 1796, saura wata guda ya cika shekara 19, wani ɗalibi Bajamushe, Carl Friedrich Gauss, ya gano cewa mai gefe 17 na zanuwa. An ruwaito cewa wannan ne ya sa ya zaɓi lissafi a kan nazarin harsuna. A 1801 ya fitar da ƙa'idar baki ɗaya, Pierre Wantzel na Faransa ya cike ragowar hujjar a 1837: siffa mai gefe mara ba ta zanuwa da kamfas da rula sai in yawan gefenta gagara-rabo ne na Fermat, ko ninkin wasu daga cikinsu ba tare da maimaici ba.

A duba 3 da 5 da Girkawa suka sani, a duba 17 ta Gauss. Su ne dai baƙin da suka shigo allon Sissa ɗaya bayan ɗaya. Tunda biyar kawai aka sani, hanyoyin haɗa su 31 ne, kuma mafi girma ita ce a ninka su duka biyar, abin da ke ba da 4,294,967,295. Wato yawan ƙwayar da ke rabin allon shi ne mafi yawan gefe mara da aka san kamfas da rula na iya fitarwa. Jimillar cikakken allon kuwa ba za ta zanu ba har abada, saboda 641 da 6,700,417 ba 'yan gidan Fermat ba ne. Wani malami Bajamushe, Johann Gustav Hermes, ya kwashe shekara goma yana tsara yadda za a zana mai gefe 65,537, ya kammala a 1894, kuma takardunsa na nan ajiye a Jami'ar Gottingen. Wasu na ganin ɓata lokaci ya yi, tunda Gauss ya riga ya tabbatar abin mai yiwuwa ne. Amma haƙurin da zai sa mutum ya bi aiki ɗaya shekara goma har ya ga ƙarshensa ba abin rainawa ba ne.

Ta wani ɓangaren kuma, lambar 'yar dangin Mersenne ce, wato lambobin da ake samu in an jera 2 an ninka an cire 1. Marin Mersenne malamin coci ne a Faransa, abokin wasiƙar Fermat. A wannan dangi, in yawan gidajen allo na rabuwa, jimillar ma dole ta rabu, kuma 64 na rabuwa ta ko'ina. Da allon gida 61 gare shi, da jimillar ta zama gagara-rabo, kamar yadda wani limamin coci a Rasha, Ivan Pervushin, ya nuna a 1883. Mersenne ya tsallake 61 a jerin da ya wallafa a 1644, ya sa 67. A 1903, a wani taron masana a Niyok, Frank Nelson Cole ya nuna cewa ta 67 daidai take da 193,707,721 sau 761,838,257,287. An ruwaito cewa bai ce uffan ba, ya dai yi lissafin ɓangarorin biyu a allo, suka zo daidai, ya koma ya zauna aka yi ta tafi. Farautar na ci gaba har yau da kwamfuta. A watan Oktoban 2024 wani Ba'amurke, Luke Durant, ya gano gagara-rabo ta 52 a dangin, ta allo mai gida 136,279,841, kuma alƙalumanta 41,024,320 ne.

To, me ya kai wannan lamba cikin waya? Kwamfuta da sifili da ɗaya kawai take ƙirga. Kowane gurbi da ke ɗaukar ɗayan biyun ana kiran sa bit, kuma darajar gurabun ninkuwa take yi: 1, 2, 4, 8, tamkar gidajen allon. In aka ce na'ura mai bit 64 ce, gurabe 64 take sarrafawa a tashi ɗaya. A cika su duka da ɗaya, wato a rubuta 1 sau 64 a jere, abin da aka rubuta shi ne 18,446,744,073,709,551,615. Ita ce iyakar abin da gurabun za su ɗauka. A ƙara 1, sai duk su koma sifili, kamar mitar tafiya ta tsohon babur da ta cika tara-tara ta juya ta faro daga farko.

Wannan juyawa ba wasa ba ce, kuma a na'urori masu bit 32 an ga alamarta. A can, in an ware gurbi ɗaya don nuna ko adadi na sama da sifili ko ƙasa da shi, iyakar ita ce 2,147,483,647. A watan Disambar 2014 kamfanin YouTube ya sanar cewa ya faɗaɗa ma'aunin ƙirga masu kallo zuwa bit 64, saboda bidiyon mawaƙin Koriya ta Kudu, Psy, ya kai wannan iyaka. Tsofaffin na'urori da yawa kuma na ƙirga lokaci da daƙiƙa tun daga 1 ga Janairu 1970, kuma ma'auninsu zai cika ranar 19 ga Janairu 2038, da ƙarfe 3:14 na dare agogon GMT. Maganin shi ne komawa bit 64, wanda zai ɗauki daƙiƙoƙin shekara biliyan 292. Ita kuwa 65,537, gagara-rabo ta biyar ta Fermat, ita aka fi amfani da ita a tsarin kulle bayanai na RSA, wanda shafukan intanet da bankuna da dama ke dogaro da shi. Lambar da lauyan Tulus ya yi wa lissafi don sha'awa tana cikin masu gadin kuɗin mutane yau.

Wani abin lura ga ma'aikatan ofis: manhajar Excel alƙaluma 15 na farko kawai take riƙewa daidai. Wanda ya buga mata wannan lamba zai ga biyar na ƙarshe sun koma sifili. Ƙaramin kalkuleta ma taƙaita ta zai yi. Al-Biruni da alƙalami da tawada ya fitar da duka 20 ɗin.

Akwai kuma darasin aljihu. Masu tsarin nan na zuba kuɗi da ake cewa kowa ya kawo mutum biyu, su ma kowannensu ya kawo biyu, allon Sissa suke shimfiɗa wa jama'a. In aka fara da mutum ɗaya, kafin a kammala mataki na 28 ana buƙatar mutum sama da miliyan 268, fiye da al'ummar Najeriya kaf. A mataki na 33 ana buƙatar sama da biliyan takwas da rabi, fiye da mutanen duniya. Tun kafin a je ko kusa da nan tsarin ke durƙushewa, kuma waɗanda suka shigo daga baya, su ne mafi yawa, su ke kwana ciki.

Kira na ƙarshe ga malaman lissafi na firamare da sakandare, da iyayen da ke zama da yara da dare. Kusan duk abin da aka faɗa a filin nan bai wuce tarawa da ninkawa da rabawa ba. A zana wa yara allo mai gida 64, a ba su tsabar gero su cika layin farko da hannunsu, su ƙirga 255, sannan a bar su su gano da kansu cewa 3 da 5 da 17 ne suka haɗa ta. Wanda ya ɗan girma a ba shi 65,535 ya fasa. Ku kuma masu sauraro da ke riƙe da biro tun farkon shiri, ga aikin gida: ku ninka 641 da 6,700,417 da hannu, ba da waya ba. Wanda ya sami 4,294,967,297 ya tabbatar da kansa abin da Euler ya sanar a 1732, kuma aikin ba zai ci masa minti biyar ba.